Amsar da Roka Ta Cinye

Duk wanda ya ɗaura aure a ofishin rajista na garinmu, Lagoa da Ema, ya je ya ɗauko takardarsa ya duba can ƙasa. Da wuya bai tarar da sa hannun Dona Lindalva ba, manyan baƙaƙe a karkace, wani lokaci har da tabon man shanu a gefe. Ba ma'aikaciyar ofishin ba ce. Wainar rogo da kofi take sayarwa a gindin tsamiyar da ke ƙofar ofishin, tun mutanen da yanzu suke aurar da 'ya'ya suna yawo ba wando.

Yadda abin ya samo asali ba wuya. Doka ta ce ba aure sai da shaidu biyu, mutanenmu na ƙauye kuwa sai a hankali. Za su diro daga bayan babbar mota, ango da amarya da kawu guda, ɗaya shaidan ya makara, ko akuyarsa ta ɓata, ko ya fara shan murna tun jiya bai farka ba. Sai su tsaya a ƙofa suna zare ido. Dona Lindalva ta sauke kasko, ta goge hannu a jikin riga.

"Kai ɗan gidan wa ne?"

"Jikan Seu Tibúrcio ne ni, na bayan madatsar ruwa."

"Tibúrcio mai alfadarin nan mai cizo? Ai na san ka tun ba a haife ka ba. Wuce mu je."

A nan jiharmu ta Ceará, matar da ta sa maka hannu ranar aure ta zama madrinha, uwar aurenka ke nan har kabari. Shi ya sa Dona Lindalva ba ta iya ratsa kasuwa cikin sauri. Ƙato da gashin baki zai cire hula ya ce, "A sa mini albarka, madrinha," ta ce, "Allah ya yi maka albarka, ka kuma gyara wa yarinyar nan rufin ɗaki kafin damina." Rabin garin 'ya'yan aurenta ne, ɗaya rabin kuma 'ya'yansu.

Aikinta na biyu, wanda shi ma ba wanda ya ɗora mata, shi ne allon bango. A zamanin, kafin a ɗaura kowane aure sai an liƙa sunayen masu niyya a wani allo da ke jikin bangon ofishin har mako biyu, don mai magana ya zo ya yi. Da yawa cikin masu wucewa ba su iya karatu ba, waɗanda suka iya kuma sun fi son su ji daga bakinta. Da an liƙa sabuwar takarda sai ta ɗora tabarau a kan hanci, ta gyara murya, ta karanta da ƙarfi, ta bi da sharhi. Wane zai auri wance, Allah ya ba ta haƙuri, uwarsa ba ta taɓa yabon miyar kowa ba. Waɗanda suka fi shan wuya su ne tsofaffin da suka daɗe tare sannan suka zo yin takarda. "Sai yanzu?" za ta ce. "Da jikoki a gaba? Ina kuke tun kuna da haƙora?" Bakinta ya fi kofinta zafi, wannan ba na musu. Amma ni da idona na ga ta cire 'yan kunnenta ta sa wa wata amarya da ta zo kunne ba komai, ta kuma ƙi karɓa da aka dawo mata da su.

Mijinta, Seu Aristeu, tsohon makiyayi ne. Ya ƙare ƙuruciyarsa cikin ƙaya yana bin shanun wani, sanye da rigar fata da hular fata, har ya saba da magana da dabbobi fiye da mutane. In ya yi maka jimla uku a wuni, to ranar ya sha surutu. Kullum da safe shi ke ɗauko mata tebur da gawayi da filas ɗin kofi, ya jera a gindin tsamiya, ya taɓa bakin hula, ya juya.

Aurensu an ɗaura shi ne a ƙauye, a ƙarshen babban farin nan da ya kori mutane zuwa kudu. Limaman coci masu yawon wa'azi suka iso, babbansu, wani fada mai dogon gemu, ya ce duk masu niyya su fito. Lindalva ce ta je ta sami Aristeu a garke ta ce, "Fada na nan har Lahadi. Ka wanke rigarka." Shi kuwa ya wanke. Aka jera ango da amarya sun fi arba'in a filin gaban coci, fada ya yi tambaya ɗaya ga mazan gaba ɗaya. Mu kuma a ƙasar nan ba abin da muke yi ba roka, irin mai sandar nan da ake cinna wa wuta ta tashi sama ta fashe. Haihuwa roka, zaɓe roka, ƙwallo roka, ranar waliyyi kuwa sai wanda ya toshe kunne. Daidai lokacin da mazan suka buɗe baki wani mai azarɓaɓi ya cinna tasa. Lindalva ta ga leɓen Aristeu ya motsa, amma ba ta ji komai ba.

Shekara arba'in da ɗoriya tana tayar da maganar.

"Ni fa, tsoho, ban taɓa jin ka ce kana so na ba."

"Na faɗa. Roka ce ta cinye."

"To maimaita."

"Ba a ɗaura aure sau biyu."

Mutane su yi dariya, ita ma ta yi. Sai dai dariyar ba ta kai ciki ba. Ita ta ce ya wanke riga, ita ta ja hannunsa zuwa filin, kuma a can ƙasan zuciyarta ba ta taɓa sanin ko da an bar shi shi kaɗai zai zo ba. Abin yana ci mata rai, ta rufe shi da barkwanci saboda ba ta da wani murfin.

Ana nan sai 'yarsu Rosângela ta bugo waya daga birnin São Paulo, can kudu, ta ce a wurin aikinta ana neman takardar auren iyayenta, a karɓo a aiko. Dona Lindalva ta ce wannan ai abin da ke bakin ƙofa ne. Washegari ta bar waina a kasko, ta shiga ofis tana kaɗa zane, ta sami Jurandir magatakarda, wanda ita ta sa hannu a auren iyayensa, ta kuma sa a nasa.

"A sa mini albarka, madrinha."

"Allah ya yi maka. Ciro mini takardar aurena, ina da kasko a wuta."

Jurandir ya sauko da littafin shekarar, ya duba. Ya sauko da na bayanta. Ya sauko da na gabanta. Gumi ya fara tsattsafo masa a goshi.

"Madrinha, ki ɗan zauna."

"Ba zama na zo yi ba."

"A wajen Allah da coci ke matar aure ce, ba mai ja. Amma irin auren nan na filin wa'azi, fada kan ba ango takarda ya kawo nan a rubuta. Taku ba ta taɓa isowa ba."

"To sai me?"

"A wajen gwamnati ke nan..." Ya rage murya. "Budurwa ce ke, madrinha. Seu Aristeu kuma tuzuru."

Ta zauna. Jurandir ya yi sauri ya ce abin ba wuya, su biyun su zo su sa hannu a takardar neman izini, a liƙa sunayensu a allo, bayan mako biyu alƙalin aure ya ɗaura, shi ke nan.

"Wane allo?"

"Allonki, madrinha."

An ce wanzami ba ya son jarfa, ranar na yarda. Ta sa Jurandir ya rantse da kabarin uwarsa ba zai faɗa wa kowa ba. Tana juyowa sai ga Creuza a bakin ƙofa, mai sayar da ruwan rake a gefen teburinta, aminiyarta kuma comadre ɗinta, wato kowace ta tsaya wa ɗan 'yar'uwarta ranar baftisma. Ta zo ne ta ce waina na ƙonewa. Shekara uku ke nan da Dona Lindalva ta karanta sunan Creuza a wannan allon, da cikakken sharhi, har da batun haƙora.

"Comadre, me kika ji?"

"Ni? Ba abin da na ji, 'yan mata. Wainarki ce ta ƙone, 'yan mata."

Ranar ba ta ƙarasa ciniki ba. Ta isa gida rana tsaka, ta tarar da Aristeu a inuwa yana gyaran linzami. Ta tsaya a kansa ta zayyana masa komai, tana jiran ya razana. Bai razana ba. Ya ajiye linzamin.

"Na kai rabin hanya," ya ce.

"Wace hanya?"

"Ta gari. A kan alfadari, takardar tana cikin hulata. Sai na ji ƙamshin ƙasa."

Ba sai ya ƙara ba, ta tuna ranar. Shekara biyu ba ɗigo, shanu sun zube, rijiyoyi sun ƙafe, sai ga hadari ya haɗo daga gabas kwana kaɗan bayan aurensu. Duk ɗan ƙasar nan ya san abin da ake yi in ruwan farko ya sauka, ko gawa ka ɗauko sai ka yi tunani sau biyu. Aristeu ya juya alfadari ya sako shi a guje. Ita kanta ta tarye shi a bakin gona da fartanya biyu tana ce masa ya yi sauri. Suka wuni suna shuka wake da masara cikin ruwa, jiƙe sharkaf, suna dariya kamar mahaukata. Da ya cire hula da yamma, takardar fada ta zama kunu.

"Me ya hana ka faɗa mini, duk shekarun nan?"

"Wake ya yi kyau a shekarar."

"Aristeu, ba maganar wake nake ba."

Ya ɗauki linzaminsa, ya juya shi a hannu. Sai ta ga gefen bakinsa ya motsa.

"Ashe ni saurayi ne," ya ce.

Wannan murmushin bai yi mata daɗi ba ko kaɗan. Ta ce ya saurara da kyau. Sau ɗaya ta taɓa cewa namiji ya wanke riga, ba za ta sake ba. Ba za ta roƙe shi ba, ba za ta ja hannunsa zuwa ofis ba, in yana so ya san hanya. Ya ce, "To." Iyakar abin da ya ce ke nan.

Kwanakin da suka biyo baya Dona Lindalva ba ta gane kanta ba. Ta zuba gishiri a kofin wani direba. Aka liƙa sabbin sunaye a allo ta karanta su salin-alin ba sharhi, har mutane suka fara tambayar ko ba ta da lafiya. Shi kuwa gogan ya shiga wasu halaye da ba a san shi da su ba. Aka gan shi a shagon aski ranar da ba jajibirin komai ba. Ya dawo gida yana ƙamshin turare. Ya fito da takalmansa na zuwa coci ya shafa musu mai, ya ajiye a rana. Maganar ofis kuwa ko tari bai yi ba.

"Na ga saurayinki jiya," in ji Creuza tana matse rake. "Ya yi fes. Comadre, ki sa ido fa, zawarawan garin nan ba su da kunya, ga shi gwamnati ta ce ba mai shi."

"Ki matse rakenki."

"Ni dai na faɗa, 'yan mata."

Ta san wasa ne, amma wasan ya taɓa wurin da ke ciwo. Mutumin da aka kawo da igiya, yau an ce masa igiyar ba ta taɓa ɗauruwa ba. Ta kalli teburin da yake jera mata kowace safiya, ta tambayi kanta ko so ne ko sabo. Tsoro ya kama ta, tsoro na gaske, tana da shekara sittin da wani abu.

Asabar ranar kasuwa ce, ofis kuma na buɗe har tsakar rana saboda mutanen ƙauye. Filin ya cika maƙil, masu mazarƙwaila da masu busasshen nama da masu awaki, sai aka jiyo motar Nonato ta karyo kwana. Nonato shi ne mai shelar garinmu. Yana da wata tsohuwar mota da lasifika biyu a kan rufi, shi ke sanar da rasuwa da rangwamen shaguna da jakin da ya ɓace. Da an ji ya sa kiɗan baƙin ciki kowa ya yi tsit ya ji wa ya tafi. Ranar kiɗan rawa ya sako, ya zo a hankali ya tsaya daidai gaban tsamiya.

"Jama'ar Lagoa da Ema, a saurara. Ba rasuwa ba ce, ba kuma rangwame ba. Seu Aristeu Bezerra, tuzuru, lafiyayye in ban da gwiwar hagu, yana sanar da gari da ƙauye cewa binciken gwamnati ya nuna ba shi da mata. Don haka yana neman auren budurwa Lindalva, mai wainar rogo ta gindin tsamiya. Ya ce ya daɗe yana lura da ita, ya ga tana da hankali, sai dai baki. Duk mai magana ya zo ya yi yanzu, ga mai neman nan a zaune cikin mota."

Kasuwa ta fashe da shewa. Masu awaki suka saki awaki. Mata suka bar tallarsu suka yo tsamiya a guje. Wani ya hau kan buhun gari yana kaɗa hula. Creuza ta zauna daɓas a ƙasa tana dariya har da hawaye, tana cewa yau ko ta mutu ta huta. 'Ya'yan auren Dona Lindalva suka kewaye teburin, wannan na tambayar gaskiya ne, wancan na cewa shi zai kawo ɗan maraƙi. Nonato ya ga kasuwa ta karɓa, ya sake maimaita shelar tun daga farko, ya ƙara da cewa mai neman ya yi aski.

Sirrin da ta sa aka rantse a kansa ga shi a kan lasifika biyu. Ta ɗauka ranar da garin ya ji za ta nutse don kunya. Sai ta ji ƙirjinta na bugawa irin na yarinya, ƙafafunta kuma sun ɗauke ta zuwa motar ba ta aike su ba. Aristeu na zaune a gefen direba, cikin farar riga da takalman coci, ya ɗora hula a gwiwa, yana kallon gaba kamar ba da shi ake ba.

"Sauko," ta ce.

Ya sauko.

"Wato baki ka yi haya."

"Ya fi nawa ƙarfi."

"Ni naka nake so in ji."

Ya miƙa mata hannu, abin da bai taɓa yi a gaban mutane ba, ya nufi ƙofar ofis da ita. Wannan karon shi ne a gaba. Jurandir ya riga ya fito da takardar neman izini ya ɗora alƙalami a kai, yana ta murmushi har kunne.

Ranar Litinin aka liƙa sunayen. Tun da sassafe mutane suka taru a gindin tsamiya, kowa ya sayi kofi don ya sami dalilin tsayawa. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Dona Lindalva ta sauke kasko, ta ɗora tabarau, ta je gaban allo, ta karanta sunan Aristeu da nata da na iyayensu, da ƙarfi yadda take karanta na kowa. Ta juya za ta koma.

"Saura sharhi, comadre," in ji Creuza.

Ta tsaya. Ta sake kallon takardar sama da ƙasa, ta riƙe ƙugu.

"Sai yanzu? Da jikoki goma sha ɗaya? Ina kuke tun kuna da haƙora?"

Aka yi ta tafi har direbobin tasha suka leƙo su ga me ya faru.

Mako biyun nan garin bai zauna ba. Rosângela da 'yan'uwanta suka taso daga São Paulo a motar haya, da yara da akwatuna. Tela ta ɗinka riga mai ruwan sararin sama, aka kwance aka sake saboda amarya ta ce ta yi kama da labulen asibiti. Rigima mafi girma ta shaidu ce. Wani mutum da ta sa wa hannu shekara ashirin da suka wuce ya zo ya ce yau ranar ramawa ce, wata ta ce ita ta riga shi, har aka kusa ba hamata iska a gaban ofis. Dona Lindalva ta raba gardama, ta ce Creuza da Nonato, tunda su suka fi kowa cin ribar abin.

Doka ɗaya ta kafa, ta kuma bi gida-gida da shago-shago tana faɗa. Ba roka. Kada wanda ya kuskura ya cinna ko ashana sai an ga ta fito daga ƙofar ofis da ƙafarta. Mutane suka ce sun ji, suna dariya, don kowa ya san labarin. Ita ba dariya take ba. Ta jira abin nan tun tana da ƙuruciya, kuma ta san ba za a yi na uku ba.

Ranar ɗaurin aure ɗakin ofis ya yi kaɗan. 'Ya'ya da jikoki suka cika ciki, sauran jama'a suka toshe tagogi da ƙofa, filin waje kuwa ba masaka tsinke, kowane namiji da damin roka a hamata yana jira. Alƙalin aure, wani dattijo mai sanyin murya, ya karanta abin da doka ta ce a karanta. Dona Lindalva ba ta ji ko kalma ɗaya ba, bakin Aristeu kawai take kallo. Alƙali ya rufe littafi, ya juya.

"Seu Aristeu Bezerra, da son ranka, ba tilas, kana son ka auri Lindalva da ke nan tsaye?"

Na cikin ɗaki suka matso don su ji. Na bakin taga suka ga an matsa, suka ɗaga hannu a yi shiru. Wani can ƙarshen fili, wanda ya fara shan murna tun safe, ya ga hannaye a sama ya ɗauka an gama. Ya cinna.

Roka ɗaya ta tashi. Duk mai dami a hamata ya ce ai ga alama, sai sama ta kama da wuta. Gilasan tagogi suka yi ta karkarwa, karnuka suka ɗauki haushi, jarirai suka tsala kuka, Jurandir ya fita a guje yana kaɗa hannu ba mai ganinsa. Dona Lindalva ta rufe ido. An sake, ta ce a ranta, an sake cinye mini.

Da ta buɗe ido sai ta ga bakin Aristeu a rufe gam. Yana tsaye yadda yake, ya rungume hula a ƙirji. Alƙali ya karkato kunne yana yi masa alama ya faɗa kawai a wuce wurin, Aristeu ya ɗaga masa hannu ɗaya, irin yadda yake tsayar da garke a bakin rafi. Ya jira. Rokoki suka yi ta fashewa, ya jira. Suka fara raguwa, ɗaya nan ɗaya can, bai motsa ba. Ta ƙarshe ta tashi ta fashe, hayaƙi ya shigo ta taga, karnuka suka gaji suka yi shiru. Har ana jin ƙarar fanka a sama.

Bai kalli alƙali ba, ita ya juya ya kalla.

"Lindalva, kina ji?"

"Ina ji."

"Ina so. Waccan ranar ma abin da na ce ke nan."

Matar da ba a taɓa rufe mata baki a garin nan ba ta nemi magana ta rasa. Sai da alƙali ya yi mata tata tambayar sau biyu, Creuza ta zungure ta da gwiwar hannu, sannan ta amsa, da wata 'yar siririyar murya da ba wanda ya san tana da ita. Hawaye na zuba a kan rigar da aka ɗinka sau biyu, ba ta ko share ba.

Jurandir ya dawo yana haki, ya buɗe babban littafi, ya miƙa mata alƙalami. Ta goge hannu a jikin riga kamar yadda ta saba, ta sunkuya, hannunta ya tafi kai tsaye can ƙasan shafi, layin shaidu, inda ya shekara talatin yana sauka. Jurandir ya kama hannun a hankali ya mayar da shi sama.

"Nan ne naki yau, madrinha. Kusa da nasa."